Rigar da Tela ya ɗinka wa ƙaramin lagireto

Maigidana tela ne, kuma duk abin da ya shigo gidanmu sai ya yi masa riga. Rediyo na da riga, fanka na da riga, butar shayi ma tana da tata mai maɓalli biyu. Da idonsa ya fara rauni ya rufe shago, sai ya koma kan motarsa, wata tsohuwa mai canza giya da kanta. Da safe ya goge ta, da yamma ya goge ta. Ni ce dai ba a gogewa.

Gidan 'yarmu Auta yana bayan wani dogon hawa, kuma sau biyu motar tana kunyata mu a kansa. Sai ta fara fizga, injin yana ihu amma ba ta tafiya, ga wani ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Babban ɗanmu, wanda nake kira Babba, ya ce ba laifin mota ba ne, tsufa ne, Baba ba ya jin lokacin da ya kamata ya saki ƙafa. Ya faɗa a gaban ƙannensa cewa in aka yi na uku, zai karɓi makulli. Tun ranar Tela ya koma sa makullin a aljihun ciki.

Muka kai ta wurin bakanikenmu, wanda ake ce wa Kunne domin da sauraro yake gano ciwon mota. Ya zaro wani dogon ƙarfe, ya shinshina man da ke jiki, ya yamutsa fuska. Ya ce man giya ne ke dahuwa. Wai man yana bi ta cikin lagireto ya sha sanyi ya dawo, to a kan hawa sanyin ba ya isarsa, in ya yi zafi sai ya tsinke kamar ruwa, giya ta kasa kamawa. Ya zuba sabon mai, ya ɗaura wani ƙaramin lagireto, bai fi faranti ba, a gaban babban, ya haɗa shi da tiyo biyu. Ya ce abincin wannan abu iska ne, iyakar abin da yake so ke nan.

Sati uku muna hawa muna sauka lafiya. Har na fara kai gaisuwar da ba a neme ni ba.

Sai wata safiya Tela ya leƙa ya ga ƙwari da ƙura sun maƙale a haƙoran sabon abin nasa. Na gan shi da tef a wuya yana awo, na san an gama. Ya samo ragowar ledar kujera, ya ɗinka masa riga har da shafi a ciki, ya sa maɓallai huɗu da ya cire daga tsohon kwat ɗin Babba. Da ya ga tana motsi, ya bi bakin da zare ya kulle. Na ce masa ba iska aka ce yana ci ba? Ya ce in tsaya a kan abin da na sani.

Ranar da za mu duba Auta, Babba ya ce mu yi gaba, zai biyo mu da tasa motar in ya sauke yara a makaranta. Muna tsakiyar hawa na ji ƙaurin nan. Na dubi Tela, ya ƙi dubana. Motar ta fizga sau ɗaya, sau biyu, ya gangara da ita gefen titi da ƙyar. Ya fita ya buɗe gaba, ya zaga ta, ya dawo ya zauna, ya sake fita. Duk motar da ta ɓullo daga ƙasa sai ya dafe aljihu.

Na karɓi wayarsa na kira Kunne. Ya tambaya ko mai na zuba a ƙasa, na duƙa na ce babu. Ya tambaya ko wata leda ta titi ta manne a gaba ta tare iska. Tela yana girgiza mini kai, yana haɗa hannu.

"Leda kam akwai," na ce, "amma ba ta titi ba ce. Har da maɓallai."

Sai da Kunne ya gama tari don dariya sannan ya ce a cire ta yanzu, a bar mota ta huce minti ashirin, kuma duk wanda zai yanka ya kula da tiyo, in ya huda shi to sai dai a ja mota.

Minti ashirin! Makarantar yaran ba ta kai haka nisa ba. Tela ya zura hannu, ya ƙone, ya janye. Ya sake zurawa, ɗinkin kuwa ya ƙi, domin mutumin nan bai taɓa yin ɗinkin da ke kwancewa ba. Na ture shi, na ciro rezar da nake yanke farce da ita, na naɗe hannu da gefen mayafi. Ina yanka yana tsaye a kaina yana cewa in bi layin zare kada in ɓata leda. Na ce in ya ƙara magana zan bar masa.

Ta fito da zafi kamar an sauke ta daga tanda. Muka rufe gaban motar, na shimfiɗa rigar a kan wani dutse na zauna a kai, tana gasa ni ina daurewa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga Babba.

Ya fito yana kallon ubansa, yana buɗe hanci. Kafin ya yi magana na ce ni na sa a tsaya, ƙafata ce ta riƙe. Na shiga ba shi labarin ƙafar tun daga farkonta, da maganin da maƙwabciya ta ba ni, da yadda mijin maƙwabciyar ya yi da ita a kan kuɗin cefane. Ina magana ina satar kallon agogon hannunsa. Tela kuwa sai share gumi yake da hula.

Da labari ya ƙare mini, Babba ya miƙo hannu ya tashe ni. Sai ya ga abin da na zauna a kai. Ya ɗauka, ya juya shi, ya shafa maɓallan da babban yatsa. Ai ya san kwat ɗinsa. Ya dubi gaban motar, ya dubi hannun ubansa da ya yi ja.

"Baba, ku yi gaba," ya ce, "ina bayanku."

Tela ya tayar da motar. Muka kama hawa a hankali, ni ina jin kowace giya tana shiga kamar a ƙirjina take shiga. Ba fizga, ba ihu. Da muka kai sama ya saki numfashi, ya ce dama ya san ledar ta yi kauri, da yadi mai huji-huji ya samu. Na ce ya gwada ya gani.

A ƙofar gidan Auta, Babba ya miƙo mini rigar a ninke, ya ce, "Inna, kin manta abin zamanki." Bai tambayi makulli ba.

Tana cikin akwatina yanzu, ƙarƙashin zannuwa. Na yi wa Tela alkawari ba wanda zai ji, kuma ban faɗa wa kowa ba sai Auta, da maƙwabciya, tunda na ci namanta a bakin titi, ai tana da haƙƙi.