Cibiyar da Ba a Binne Ba

Jakin ya toge a bakin rafi. Merisye, tsohon da kowa ke kira Tonton, ya ja igiya, ya sake ja, sannan ya zuba masa reshe a cinya. Jislen, matar ɗansa, tana zaune a kan jakin da jaririnta Kevens a rungume. Yaron bai yi kuka ba. Wannan shirun ne ya fi damun tsohon. A da kukan Kevens har gidan maƙwabta yake kaiwa. Yanzu sai dai ya buɗe baki kawai, kamar ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa.

"Riƙe shi da kyau," in ji tsohon, bai waiwaya ba.

"A riƙe yake."

Iyakar maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan tun saukowarsu daga kan dutse.

Matarsa Filomiz tana biye da su a baya, takalmanta a hannu, tana ta mita.

"Na faɗa muku, Mis ta asibiti ba ta da maganin wannan. Nono in ya ɓaci ya ɓaci. Ganye ne kaɗai ke wanke shi."

"Ganyen naki ne ya kawo mu nan."

"A'a, tsoho. Bakinka ne ya kawo mu nan."

Ya tattare wando ya shiga ruwa, jakin ya bi shi.

Akuya ce ta jawo abin, ko kuma a ce akuya ce ta fito da shi fili. Ɗansu Wilne ya ƙetara ƙasar Dominika aikin gini tun cikin Jislen bai fito ba. Da aka haifi yaron sai ya zo ja, gashinsa a kwance. Mutane suka yi ta ƙus-ƙus. Merisye bai ce komai ba, amma bai yi abin da ya kamata ba. A gidansu, duk ɗan da aka haifa, kaka ne ke binne cibiyarsa a tsakar gida ya dasa itace a kai. Shi kansa yana da nasa mangwaron. Wilne yana da nasa. Cibiyar Kevens kuwa tana nan ƙulle a tsumma, soke a rufin ɗakin uwarsa. "Sai ruwa ya sauka," ya ce da farko. Ruwa ya sauka, aka shuka masara, aka shuka wake, cibiya na nan a rufi.

Ranar da ya kira gayya, akuyar Jislen ta tsinke igiya ta faɗa cikin waken. A gaban mazan unguwa duka, fartanyoyi a kafaɗa, ya ɗaga murya.

"Akuya halin uwargijiyarta ta ɗauko! Ita ma wa ya san gonar wa ta shiga kafin ta kawo mana wancan jan yaron?"

Jislen ta tsaya cak da ƙwaryar ruwan da ta kawo musu. Ta ajiye ta a hankali, ta juya. Da yamma kanta ya kama sara. Filomiz ta dube ta ta ce jini ya juya, ya gauraye da nono, duk yaron da ya sha irinsa guba ya sha. Kowa a kan dutsen nan ya san haka. Aka cire Kevens daga nono yana wata huɗu. Aka koma ba shi shayin ganye da kunun fulawa mai sukari. Sai gudawa ta kama shi.

Tun daga ranar kuma, kwanon tuwon masara da miyar wake da Filomiz ke ajiye wa Jislen a ƙofa yake dawowa a rufe. Merisye ya gani. Ya ce a ransa fushin mata ne, yunwa za ta sauke shi.

Sun iso ɗakin shan magani rana ta ɗaga. Mata cike a kan benci, kowace da ɗanta. An rataye ma'auni a jikin azara, da ɗan wandon tsumma da ake zura yara a ciki. Merisye kaɗai ne namiji. Ya cire malafa ya tsaya jikin bango.

"Tonton, kai ma awon ka zo?" wata mai sayar da gawayi ta ce. "A rataye shi mu ga ko ya kai buhu guda!"

Aka kwashe da dariya. Da suka leƙa fuskar yaron da ke hannun Jislen, dariyar ta mutu. Suka matsa da kansu, suka ba ta hanya.

Mis Yanik, ma'aikaciyar jinyar, gajeriyar mace ce, idanunta sun gaji. Ta zura Kevens a wandon awo, ta dubi allurar ma'aunin, ta ciro shi. Ta shafa maɗigarsa, ta ji ta faɗa. Ta mintsini fatar cikinsa, fatar ta tsaya a tattare kafin ta koma.

"Me yake sha?"

Filomiz ce ta amsa. Ta lissafa ganyayen da bakinta, da alfahari, ta ƙara da kunun.

"Nono fa?"

"Ya ɓaci, Mis. An ɓata wa uwar rai."

Mis Yanik ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta jiƙa garin gishiri da sukari a tafasasshen ruwa, ta miƙa wa Jislen kofi da ƙaramin cokali.

"Kaɗan-kaɗan, kada ki fasa. Ko ya yi amai, ki ɗan jira ki ci gaba. Tonton, ɗan ba mu wuri."

Ya fita baranda. Tagar katako ce, babu abin da ba ya ji.

"Matsa mu gani, 'yata. Kada ki ji kunya. Yawwa. Mama Filomiz, zo ki duba. Wane launi ne wannan?"

"Fari ne."

"Ina jinin? Ina gubar? Kaɗan ne, i, don an daina sha. Amma lafiyarsa ƙalau. Ɓacin rai na iya sa nono ya ja baya na ɗan lokaci, amma ba ya mai da shi guba. Yaro ɗan wata huɗu ba shi da abinci sai wannan. Ba shayi, ba kunu, ko ruwa ba ya buƙata in yana samun nono. Kunun nan cika masa ciki kawai yake yi, ruwan da ake dama shi da shi kuwa shi ne ke kawo gudawar."

"Mis, ke boko kika yi. Mu haka muka taras. In ya sha ya mutu fa?"

"'Ya'ya nawa kika haifa?"

"Tara."

"Duk shekarun da kika yi kina shayarwa, mutumin can na baranda bai taɓa ɓata miki rai ba?"

"Wannan? Ai da ɓacin rai yake karya kumallo."

Matan benci suka yi 'yar dariya.

"To duk kin yaye su ke nan saboda shi?"

"A'a. Biyu ne kawai abin ya yi tsanani, uwata ta ce in cire su."

"Suna ina yanzu?"



Merisye ya san inda suke. Suna bayan gida, ƙarƙashin farin siminti, kusa da kabarin ubansa. Mangwaronsu biyu na nan a tsakar gida, bana ma sun yi 'ya'ya har reshe na karyewa. Shekara da shekaru yana cewa Allah ne ya bayar, Allah ya karɓa. Bai taɓa jera abubuwan nan kusa da juna ba sai yau da wata gajeriyar mace ta jera masa su ta taga. Ya dubi malafar da ke hannunsa. Ya ga ya murɗe bakinta.

A ciki Mis ta ci gaba. "Ki riƙa ɗora shi a ƙirji dare da rana, fatarki da tasa. Ko ya tsotsa babu komai, ki bar shi ya tsotsa, tsotson ne ke kiran nono. Zan ba ki madarar asibiti ki riƙa ƙara masa da kofi kafin naki ya dawo. Ke kuma ki ci, ki sha ruwa. Me kika ci yau?"

Jislen ta girgiza kai.

"Jiya fa?"

"Mangwaro. Da dankalin da wata maƙwabciya ta ba ni."

"Babu abinci a gidan ne?"

"Akwai."

"To?"

Muryar Jislen ta fito a hankali, amma ba ta rawa. "Ba na cin masarar rumbun da aka ce ɗana ba jininsa ba ne."

Ƙofa ta buɗe. Mis Yanik ta fito ta tsaya a gabansa. Kanta bai wuce kafaɗarsa ba.

"Kai ne mai gidan?"

"Ni ne. A gidana ba a kwana da yunwa."

"Ga ma'auni can, Tonton, je ka faɗa masa. Ba ya jin kunyar furfura." Ta sassauta murya. "Ina da gishiri da sukari. Ina da madarar 'yan kwanaki. Abin da ya hana yarinyar nan cin abinci, ba ni da maganinsa a kabad. Macen da ba ta ci, ba ta barci, ba za ta iya aikin da ke gabanta ba. Ku dawo ranar Juma'a. In ya ƙi sha, ko ya yi laushi fiye da haka, kada ku jira Juma'a, ku wuce babban asibiti kai tsaye. Ka ji ni?"

Ba a saba yi masa magana haka ba. Da namiji ne da ya ji amsa. Ya mai da malafa kansa.

"Na ji."

Sai da yaron ya shanye kofin, ya ɗan buɗe ido, sannan Mis ta sallame su. Suka kama hanyar komawa. Filomiz ta daina mita. Ta tsallake rafin da takalmanta a ƙafa, ba ta ma lura ba. Jislen ta sa yaron cikin rigarta kamar yadda aka nuna mata, tana ɗiga masa ruwan cokali-cokali in jaki ya tsaya.

Rana ta karkata lokacin da suka iso gonar Dezima, abokinsa tun ƙuruciya. Yau gayyar ta Dezima ce. Mazan nan ne dai na ranar wake, sun jera suna noma suna waƙa. Merisye ya tsayar da jaki. Ya daɗe a tsaye har waƙar ta yanke.

"Ka makara, tsohon banza!" in ji Dezima. "Mun cinye abincin, aikin kawai muka rage maka."

"Ku biyo ni gida."

"Lafiya? Ko yaron ne...?"

"Yana raye. Ku biyo ni. Duk wanda ya ji ni ranar wake."

"Akwai barasa?"

"Akwai rami. Taho da fartanyarka."

Suka dubi juna, suka saɓa fartanyoyi.

A tsakar gida Merisye ya ɗaure jaki. Ya je gindin mangwaron Wilne, inda ƙwallaye suka tsiro, ya zaɓi wanda ya fi ƙwari, ya haƙo shi da ƙasarsa. Ya auna taku kaɗan daga itacen uban, ya karɓi fartanyar Dezima. Wani saurayi ya matso zai karɓe shi, ya harare shi, saurayin ya koma. Ƙasar ta yi tauri. Ya haƙa yana nishi har ramin ya kai gwiwar hannu.

Sannan ya je ƙofar ɗakin Jislen. Bai taɓa tsayawa a nan ba tun da aka kawo ta gidan. Ya cire malafa.

"Ki ba ni cibiyar."

Tana zaune a bakin gado, yaron a ƙirjinta. Ta ɗago ta dube shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ruwan ya sauka ne, Baba?"

Mazan da ke bayansa suka sunkuyar da kai.

"Ya sauka tuntuni. Ni ne na makara."

Ba ta yi sauri ba. Ta miƙe, ta sa hannu a rufi, ta zaro ɗan ƙullin tsumman. Ba ta miƙa masa ba. Ta fito ta wuce shi, ta ratsa mazan, ta tsaya a bakin ramin. Can ta ba shi.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya kwance ƙullin. Abin bai kai ɗan yatsa ba, baƙi, busasshe. Ya sa shi a ramin, ya rufa ƙasa kaɗan, ya dasa mangwaron a kai, ya danne gindin da tafin hannu. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga murya daidai yadda ya ɗaga ta a gonar wake.

"Wannan itacen Kevens ne, ɗan Wilne, jikana. Abin da na faɗa ranar nan ƙarya ne. Bakina ne ya yi wari, yarinyar nan ba ta yi komai ba. Ku kai wa matanku. Wanda ya sake maimaita waccan maganar, da ni zai yi."

Ba wanda ya yi dariya. Dezima ya buɗe baki zai yi ba'a, ya fasa. Ya karɓi fartanyarsa, ya dafa kafaɗar abokinsa, suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Filomiz ta shiga madafa. Hayaƙi ya tashi. Can ta fito da kwanon tuwon masara, miyar wake a kai, da dafaffen ƙwai biyu. Wannan karon ba ta ajiye a ƙofa ba. Ta kai har gaban Jislen, wadda ke zaune a inuwar mangwaron mijinta, yaron na mamular nono a hankali. Ta ajiye, ta zauna a gefenta, ta karɓi kofi da ƙaramin cokali ta riƙe.

Merisye ya ɗebo ruwa a ƙwarya ya koma gindin sabon dashen, ya juya musu baya. Yana zubawa kaɗan-kaɗan, yana jira ƙasa ta shanye. Ƙwaryar ta ƙare, ya sake ɗebowa. Ramin ya cika har yana ambaliya, bai daina ba, bai kuma waiwaya ba.

Sai da ya ji ƙarar cokali a jikin kwano, sannan ya ajiye ƙwaryar.