Muryar Malam Giɗaɗo

Abdulmumini na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida mahaifinsa, Malam Giɗaɗo, ya fito cikin babbar riga, ya riƙe wayar nan a ƙirji kamar za a ƙwace masa. Yau sunan jikansa na fari, kuma ya rantse shi zai faɗi sunan da bakinsa.

Bakin nasa kuwa wayar ce. Tun da aka yi wa Malam Giɗaɗo aikin maƙogwaro bai sake furta ko a ba. Abdulmumini, mai haɗa manhaja, ya tattara tsofaffin kaset na karatun da tsohon yake yi a da, ya ɗora wa wani kamfanin ƙasar waje mai kwaikwayon murya, ya gina manhajarsa a kai. Malam ya rubuta da yatsa ɗaya, waya ta faɗa da muryarsa sak, har da ɗan karin Fulatancin. Mutane har daga Jama'are suke zuwa ji.

Kamfanin ya sha aiko da sanarwar zai rufe wannan sashe. Kullum Abdulmumini sai ya ce gobe zai duba. Goben ce ba ta zo ba.

Aka yi addu'a, wuri ya yi tsit. Malam ya gyara zama, ya ɗaga wayar, ya danna.

Sai muryar wata Baturiya ta fito, siririya, tana tauna Hausa kamar mai cin ƙashi. Kamfani ya rufe, waya ta koma muryar da aka sayo ta da ita. Sunan jaririn ma, Abubakar Siddiƙ, ba wanda ya gane shi.

Bunu, Babarbare abokin wasan Malam, shi ya fara fashewa.

"La ila! Giɗaɗo, ashe likitocin nan mace suka mayar mana da kai? To wa ya biya sadaki?"

Wayyo, dariya har da masu riƙe ciki. Malam ya sake dannawa, ko kuskure ne. Baturiya ta maimaita. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Liman ne ya ji kunya ya faɗi sunan da kansa, aka shafa.

Tsohon ya ajiye wayar a kan tabarma, ya shige gida, goron ma bai ɗauka ba.

A tsakar gida Inna Dijatu ta tare ɗanta, ludayin koko a hannunta.

"Me ka yi wa Baffanka?"

"Inna, ba ni ba ne. Kamfanin ne ya daina."

"To a nemi wani kamfanin. Ɗauko kaset ɗin."

Abdulmumini ya dubi ƙasa. Wallahi da ma ta tsage ya shige.

"Na ba 'yan jari-bola da muka gyara shago. Na ga ai komai yana can wajen kamfanin a ajiye."

"A kwamfutarka fa?"

"Wuri ya cika, na goge."

Malam na zaune bakin ƙofar ɗakinsa, ya ji komai, leɓɓansa na motsi ba sauti.

"Da ciwo ya ɗauke masa murya, mukan kunna kaset mu ji shi," in ji Inna, a hankali. "Ciwon ma ya bar mana wannan, Abdulmumini. Kai ne ba ka bari ba."

Ta miƙa masa tiren koko.

"Kai wa baƙi. Suna jira."