Rigar Dalhatu

Shekarar da gyaɗa ta ƙi, ita ce shekarar da idon Hinda na dama ya bi sawun na hagu. Mijinta Mainassara ya kai ta gidan likita a Magariya. Lokotoro ya duba, ya ce sai an yi aiki a Damagaram kafin damina ta faɗi, in ba haka ba ta makance ke nan. Maganin ɗigawa kaɗai, da yake dala arba'in bara, bana ya haura ɗari. Kuɗin aikin kuwa, da aka faɗa masa, dariya ce ta kuɓuce masa don takaici. Amma lokotoro ya ce gwamnati na ɗauke wa talaka nauyin, muddin ya kawo takardar shaidar rashi daga biro, wato ofishin hukuma.

In dai rashi ne, ai Mainassara ba shi da na biyu a ƙauyensu Kwaya. Jakinsa ya tafi a shekarun fari, awaki suka bi shi, rumbu kuwa ko ɓera ya daina leƙawa. Sai dai Hinda ta kafe cewa mijinta ba zai tsaya gaban hukuma da taguwar noma, kafaɗa a waje ba. Ta laluba har gidan yayanta Dalhatu, mai fataucin Kano, ta aro masa babbar riga shuɗiya wadda ta sha bugu, da hula da takalmi. Shi ma dai bai yi musu ba. Tun tasowarsa haka ya ga ana zuwa gaban manya.

A biro ya tarar da mutane zube a ƙasa. Shi kam hannu aka ɗaga masa ya shigo, aka tura masa kujera. Mai rubuta takardun, Hambali, wanda ake wa laƙabin Faransanci na Mushe, har Alhaji ya kira shi. Da Mainassara ya faɗi abin da ya kawo shi, sai mutumin ya ajiye alƙalami, ya bi rigar da kallo daga wuya har ƙasa.

"Baba, wannan rigar ai ta biya aikin ido biyu. Takardar nan ta marasa hali ce."

Mainassara ya rantse da Allah aro ce. Mushe ya ce kowa haka yake faɗa, shi abin da idonsa ya gani yake rubutawa.

Ran kasuwa na gaba ya komo a ƙasa, da taguwarsa ta gaskiya. Wannan karon ba wanda ya ɗaga masa hannu. Ya zauna a rana tun hantsi har la'asar sannan layi ya zo kansa. Kaico, Mushe Hambali ba ya mance fuska.

"A'a, Alhaji ne? Yau kuma a ina ka aro tsumma?"

Ya juya ga jama'a ya ce su gani da idonsu, haka masu hali ke cinye rabon talakawa. Abin da ya fi ƙona ran Mainassara shi ne 'yan'uwansa matsiyata da suka shiga tsaki suna matsawa daga kusa da shi. Ya rasa abin da zai tuɓe kuma a yarda da shi.

A hanyar komawa hadari ya haɗo daga gabas, yayyafin farko ya same shi kafin ya shiga gari. Hinda na zaune a bakin ɗaki. Ta juyo wajen da ta ji takunsa, amma dubanta ya sauka a gefensa. Ya faɗa mata komai, bai rage ba. Sai ta tambaye shi:

"Amma ran farko sun ba ka kujera ko, Malam?"

"Sun ba ni."

"To, alhamdu lillahi," ta ce, tana laluben butar da ke gabanta.