Wayar da Inna Shatu Ta Fizge

"Ajiye wayar nan," in ji Inna Shatu. "Ajiye na ce."

Siddiƙa ba ta ajiye ba. Ma'aikaciyar wata ƙungiya ce mai kula da iyalan masu ciwon daji. Duk Laraba takan zo gidan Murjanatu da garin kunu da maganin rage zafi, ta zauna ta yi wa 'yan biyunta wasa. Ranar sai ta zo da sabon abu, wai Murjanatu ta yi magana a ɗauka, yaran su ji in sun girma.

"Inna, ita fa ta nema."

"Mutum da ransa ki sa shi wasiyya? Ke aka aiko ɗaukar ran?"

Murjanatu na kwance, dajin ya cinye mata nono ya gangara hammata. Ta riga ta fara: "Hassana, Hussaina, Ummanku ce. Ina so babanku ya ji, kada a..." Nan Inna Shatu ta fizge wayar, ta cusa wa Siddiƙa a jaka, ta tasa ta har zaure. Shekara tara katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da na Murjanatu, ita ta yanke wa yaran cibi. Ba za a yi wa yarinya fatan kabari tana zaune ba.

Da ta dawo, Murjanatu ta dube ta. "Inna, kada a raba min su. Abin da zan ce ke nan."

"Ke za ki aurar da su. Sha kununki."

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya.

Ranar sadakar bakwai dangin mijinta Saminu suka yanke shawara. Shi direba ne, kullum yana hanyar Kongolam, don haka Hassana ta tafi Mashi wurin gwaggonta, Hussaina kuma garin Babban Mutum wurin kakarta. Inna Shatu ta ja mayafi sai zauren mai unguwa. Aka kirawo Saminu da wansa Isyaku.

"Ranka ya daɗe, marigayiya ta bar magana, kada a raba su. Yaran da ko tuwo ba sa ci sai a kwano ɗaya! A ba ni su, ina da ɗaki."

"Wa ya ji bayan ke, Inna?" in ji mai unguwa.

"Kunnena bai isa ba?"

Aka aika wa Siddiƙa, ta zo ta kunna wayar. Muryar Murjanatu ta fito siririya, har inda ta ce "kada a..." Sai kokawa, sai muryar Inna Shatu a kai tana faɗa, sai shiru.

Saminu ya goge ido da hularsa. "Kada a me, Inna?"

"Na faɗa maka."

"Ƙila cewa za ta yi kada a bar su hannun bare," in ji Isyaku.

Inna Shatu, da duk unguwar ke tsoron bakinta, ta juya wurin Siddiƙa. Siddiƙa ko kallonta ba ta yi ba, kuma da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Washegari da hantsi babura biyu suka tsaya a ƙofar gida, kowanne ya fuskanci nasa gefen. An raba kaya tsaf, riguna, takalma, har 'yan kunne. Kwanon tuwonsu ne kawai aka rasa wa za a ba, aka bar shi gindin murhu.

Inna Shatu ta ɗauka, ta kankare busasshen tuwon da ke ciki, ta wanke, ta kife shi a kan katangar da ke tsakanin gidajen.