Ƙusar Cikin Tsohon Ƙyaure

Tabarau ɗin kare ido na aikin Baba yana rataye a bayan ƙofar shago, ƙura ta lulluɓe shi har gizo-gizo ya ja zare daga jikinsa zuwa bango. Na gan shi da safe ina wucewa da tsintsiya, na ce a raina zan goge, sai ga Gwaggo ta iso da ƙyaure a bayan mota, na manta.

Gwaggo yayar Baba ce. Ƙyauren kuwa na ɗakin mahaifiyarsu ne, an cire shi lokacin da aka rushe tsohon gida. So take a sassaƙa furanni a jikinsa ta kafa a falonta.

"Ga shi nan, Auta," ta ce wa Baba, duk da furfurarsa. "Kada ka bari injin 'yarka ya cinye mini shi. Ke Injiniya, kina ji na? Fure nake so, ba ganyen kabeji ba."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Ban taɓa iya mayar wa Gwaggo magana ba.

Tun da na gama jami'a nake kula da injin sassaƙar da muka kafa a ƙuryar shago. Ni nake zana abu a kwamfuta, in ɗaura wa injin haƙori, shi kuma ya bi zanen yana cin katako. Haƙoran na wani sinadari ne da ake kira kabaid, ba su fi ƙaramin yatsa ba. Sun fi ƙarfe tauri nesa ba kusa ba, amma ba su san lanƙwasa ba. Idan suka ci karo da abin da ba katako ba, fashewa suke yi kamar gilashi.

Baba ya zare duk ƙusoshin da ke jikin ƙyauren, ya shafa shi da tafin hannu gaba da baya. "Babu saura, Uwata," ya ce mini. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Muka kwantar da ƙyauren a kan teburin injin, muka matse shi, na ɗaura haƙori mai tsini, na tayar.

Baba ya fara sassaƙa da hannu tun ba a haife ni ba, kuma mai sassaƙar hannu yana da wata ɗabi'a: in ya yi ɗan yanka sai ya sunkuya ya hure garin katakon da baki, ya ga yadda layin ya fita. Injin yana da bututun da ke zuƙe gari, amma Baba bai taɓa yarda da shi ba. Sau da yawa nakan ce, "Baba, ka ɗan ja baya," a hankali, yadda ƙarar injin take haɗiye maganar. Ranar ma na faɗa. Furen farko ya fara fitowa, Gwaggo tana kan benci tana ba da labarin maƙwabciyarta, Baba ya sunkuya ya tara iska a kumatu.

Sai na ji ƙas!

Ƙara ce 'yar ƙarama, kamar an taka kwalbar magani. Na doki jan maɓallin tsayarwa da tafin hannu. Injin ya yi gurnani ya yi shiru. Baba ya miƙe tsaye da sauri, hannunsa ya tashi zuwa fuska, sai ya mayar da shi aljihu.

"Lafiya?" in ji Gwaggo. "Ya ƙoshi ne?"

Na leƙa cikin yankan. A tsakiyar furen akwai wani ɗigo yana ƙyalli: ƙusa ce marar kai, ta nutse cikin katakon tun shekaru aru-aru har ya haɗe a kanta. Na kwance haƙorin na duba. Tsininsa babu, ya ɓalle ya bar baki mai kaifi.

Na fara neman guntun. Na duba cikin yankan, na share teburin da burushi, na durƙusa na haska ƙasa da fitilar waya. Guntun da nake nema bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma na san da irin gudun da ya tashi, kuma na san inda fuskar Baba take a lokacin.

"Bar shi, Uwata. Ɗauko wani haƙorin."

Ya juya mana baya yana gyara katakan da ba su buƙatar gyara. Na zagaya na tsaya a gefensa kamar ina neman wani abu. Idonsa na hagu a rufe yake rabi, yana zubar da ruwa. Ruwan ya gangaro gefen hanci ya tsaya a gashin baki. Ba fari ba ne tas, akwai ɗan ja a ciki.

Na buɗe baki zan yi magana.

Gwaggo ce ta riga ni. "Auta, kuka kake yi? Don ƙyauren Inna? Kai, tsufa ya zo maka da taushin zuciya."

"Ƙura ce ta faɗa mini," ya ce, yana ƙoƙarin dariya. "Yanzu za ta fita."

"Zo nan in gani. Tun kana yawo ba wando nake hure maka ido."

Ta zaunar da shi a kan benci, ta ɗaga haɓarsa. Ya kasa buɗe idon, fatar tana karkarwa. Gwaggo ta ciro hankici daga jaka, ta murɗa gefensa ya yi tsini, ta jiƙa da harshe.

"Buɗe mini. In na lakato shi sai ka murza, shi ke nan."

Baba ya ɗago hannu, ya dunƙule yatsa zai murza.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ji dai na riƙe wuyan hannunsa da hannuwana biyu, na danne shi a kan gwiwarsa. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe Baba haka ba. Fatarsa da zafi, jijiyarsa tana bugawa da sauri a ƙarƙashin yatsuna, sai na gane shi ma a tsorace yake.

"Kada ka taɓa," na ce. Muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Gwaggo, don Allah ki janye hankicin."

"Ikon Allah! Yau uwar ta motsa."

"Ba ƙura ba ce." Na saki hannu ɗaya na ciro haƙorin daga aljihu na miƙa mata. "Dubi bakinsa. Guntun da ya fita ba ya ƙasa, ba ya kan tebur. Wannan abin katako yake yankawa kamar sabulu. In yana cikin idon aka murza, yanka zai ci gaba da yi."

Gwaggo ta shafa bakin haƙorin da babban yatsa, ta janye da sauri ta duba yatsan. Ba ta ƙara yin dariya ba.

"Ku bar tayar da hankali," in ji Baba. "Sau nawa abu yana faɗa mini a ido? In na je asibiti cewa za su yi tiyata. Wanda ya je da ido ɗaya yana ciwo ya dawo da biyu a naɗe, wa zai riƙe shagon? A kawo mini ruwa kawai in wanke."

"Baba, bari in haska. Ba zan taɓa ba."

Na kunna fitilar waya na kawo ta daga gefe. Da ƙyar ya ɗaga fatar. Farin idon ya zama ja. A bakin baƙin, wajen hanci, akwai wani ɗan tsagi siriri, kuma ɗan baƙin da ke tsakiya, wanda ya kamata ya zama zagayayye, ya ja gefe kamar ɗigon ruwa zai faɗo. Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata. Na ji ta ja numfashi ta fara salati ƙasa-ƙasa.

"Me kuka gani?" ya tambaya.

Na ɗauko kofin roba daga wurin tulun ruwa, na yanke shi rabi da wuƙar aiki, don a kifa a kan idon kada wani abu ya taɓa shi a hanyar asibiti. Salatif ɗin ya ƙi ɓantaruwa a hannuna, sai da na sa haƙori.

"Na ce me kuka gani?"

"Auta," in ji Gwaggo, muryarta ta dushe, "rufe mai lafiyar ka dube ni."

Ya sa tafin hannu ya rufe idon dama, ya juyo. Gwaggo tana tsaye dab da shi, da jan mayafinta. Fuskarsa ta wuce ta kaɗan, ta tsaya a kan ƙofa inda haske yake shigowa, ta dawo tana lalube. Ya daɗe a haka. A waje wani mai babur yana ta danna ham, maƙerin da ke kusa da mu yana dukan ƙarfe kamar kullum.

Ya sauke hannun a hankali. Na matso da kofin, ina jiran ya ture. Bai ture ba. Ya zauna shiru kamar yaro a gaban wanzami na manna masa, yatsuna suna ta zamewa saboda gumin da ke goshinsa.

"Injiniya, ɗauko mini jakata," Gwaggo ta ce. "Ina makullin motar? Wayyo, ina na sa shi?"

Ta zazzage jakar a kan benci, ni kuma na ruga na kashe wutar injin daga bango. Da na juyo, gurbin Baba babu kowa. Ya riga ya kai bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan kofin, ɗayan yana shafa bango. Ya tsallake dokin ƙofar a hankali ya fita wajen motar.