Baƙar Kwat a Gonar Dattijo

Shekarar da aka yi canjin kuɗi Mukhtari ya dawo ƙauyensu, can tsakanin Kura da Bunkure, bayan ya yi shekara goma da ɗoriya a kan teku. Ya tafi Ikko yana saurayi da niyyar yin dako, Allah ya haɗa shi da wani jirgin ruwa mai ɗaukar attajiran Turawa yawon shan iska, aka ɗauke shi wanki da guga. Da masu jirgin suka sayar da abinsu aka sallami kowa. Ya sauka a bakin titi da akwatin ƙarfe guda, akwatin kuwa ba wani nauyi, don teku ba ta bar masa komai ba sai tari, da labarai, da baƙar kwat ɗaya.

Ya tarar mahaifinsa Dattijo ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa Iyatu ta tsufa, yanar ido ta fara kama ta. Gonarsu ma da ƙyar ya gane wurin. Aikin noman rani ya zo bayan tafiyarsa, katafila ta tumɓuke tsamiyar da ke kan iyaka, ta share gamba, aka haƙa kanal, wato babbar hanyar ruwa, aka yanka ƙasar gida-gida kamar dara, aka sake raba wa masu ita. Kason Dattijo ya faɗo daidai bakin ruwa, irin wurin da kowa ke mafarki. Maƙwabcinsu Baballe ke noma shi da sunan riƙo, in an yi girbi ya aiko wa Iyatu da ɗan abin tuwo.

Wannan gona ita kaɗai ta rage wa Mukhtari a duniya. Ba mata, ba sana'ar da za ta ci a ƙauye, don wa zai kawo maka guga a garin da kowa ke ninke rigarsa ya sa ƙarƙashin tabarma? Ya je ya sami Baballe, suka gaisa, ya ce ya zo karɓar amanar mahaifinsa.

Baballe ya yi murmushi ya ce, "Riƙo kam riƙo ne, ɗana. Amma wanda ya bar mini riƙon yana ƙasa. Mu je gaban dagaci, abin da dattawa suka ce shi ke nan."

Aka sa ranar Lahadi da hantsi. Aka ce har ma'aikacin ofishin ruwa zai zo daga Kadawa, don ana sabunta sunayen masu gonaki kafin damina.

To, ga yadda kwat ɗin ta shigo cikin zancen. A jirginsu akwai abin da ake kira daren kyaftin, wato daren walimar shugaban jirgin. Ranar tun asuba Mukhtari ke tsaye kan dutsen guga, domin kowane namiji sai ya fito cikin shiga iri ɗaya: baƙar kwat mai sheƙin alharini a ƙirji, farar taguwa da ta sha sitaci har tana ƙara, baƙin wando mai ziri a gefe, takalmin da za ka ga fuskarka a ciki, da wani ɗan baƙin ƙyalle da ake ɗaurewa a maƙogwaro mai kama da malam-buɗe-littafi. Da idonsa ya ga an mai da wani mai masana'antu daga ƙofar ɗakin cin abinci saboda ya zo da kwat ruwan ƙasa, ya koma ya ci a ɗakinsa kamar marar lafiya. Da idonsa kuma ya ga wani tsohon Bature da arziki ya daɗe da gudu ya bari, gwiwar hannun kwat ɗinsa har ta koɗe, an zaunar da shi dab da kyaftin ana jin ta bakinsa. Wannan tsohon ne ya bar masa kayan a tafiyarsa ta ƙarshe. Daga nan Mukhtari ya ƙudurce a ransa cewa manya kaya suke fara saurara kafin su saurari mutum. Gaskiya ya koya, sai dai gaskiyar teku ce, kuma ba wanda ya gaya masa ba ta ƙetare Kwanar Ɗangora.

Ranar Lahadi da safe ya cika dutsen guga da garwashi, ya shimfiɗa kwat a kan tabarma. Iyatu ta ji ƙaurin, ta lallaɓo ta buɗe adakarta, ta fito da rigar Dattijo. Saƙi ce rinin Kura, baƙa wuluk, ta sha bugu har tana ɗaukar ido. Ba suna, ba jana'iza, ba Sallar da Dattijo bai halarta da ita ba.

Ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai, karɓi wannan ka sa."

"Inna, ai ma'aikacin gwamnati zai zo. Irinsu na san su, shekara nawa ina cikinsu. In suka gan ka da tsohuwar riga, ƙauye suke gani, ba za su ko dube ka ba."

"Ma'aikaci ne zai ba da shaida? Tsofaffin nan ne za su faɗi gonar wa ce. Fuskarka ta ɓace musu, amma rigar nan sun san ta."

"Ki bar ni da su, Inna. Yau za ki ga aiki."

Ta tsaya riƙe da rigar har ya gama shiri. Ba ta ganinsa sosai, baƙi da fari kawai take gani, sai ƙamshin man takalmi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta mai da rigar cikin adaka.

Kafin ya isa ƙofar gidan dagaci gumi ya jiƙa sitacin sharkaf. Mata na leƙe ta kan danga. A zaure dattawa sun cika kan tabarmi, takalmansu jere a waje, dagaci na kan buzunsa. Ma'aikacin da Mukhtari ya yi wa wannan shiga yana can gefe, wani siririn mutum da kaftani da hula, ya naɗe ƙafa a ƙasa kamar kowa.

Takalmin teku mai igiya ne, ba a zare shi da ƙafa. Mukhtari ya sunkuya zai kwance, ya ji wandon ya ɗame shi, don tsohon Baturen siriri ne, ɗinkin baya har ya fara 'yar ƙara. Ya miƙe da sauri. Ya tuna a jirgi ba a cire takalmi, ba a kuma durƙusa wa kowa, kyaftin ma hannu ake ba shi. Sai ya yi sallama, ya taka tabarma da takalmi, ya nufi dagaci a tsaye kyam, ya miƙa masa hannu.

Dagaci ya dubi hannun, ya dubi takalmin, ya ci gaba da jan carbinsa. Wani daga cikin dattawa ya ce a hankali, "A'uzu billahi." Mukhtari ya janye hannu, ya rasa inda zai sa shi. Aka nuna masa gefen tabarma, ya gwada zama, wando ya hana. Haka aka yi zaman duka yana tsaye a kan tsofaffin da suka goya shi.

Baballe kuwa ya durƙusa har goshinsa na neman ƙasa. "Ranka ya daɗe, ban taɓa cewa gonata ce ba. Marigayi ya bar mini riƙo. Ni na haƙa mata hanyar ruwa, ni na zuba mata taki, bakin da take ciyarwa a gidana kowa ya sani. In mai ita ya zo, ai sai in ba shi. Amma a duba."

Dagaci ya juya wajen Malam Sammani, wanda ya fi kowa tsufa, aminin Dattijo tun suna yara. "Malam, kai za ka raba mu. Ka san shi?"

Malam Sammani ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, na san Dattijo, ni na yi masa wanka. Na san ya haifi ɗa namiji, na ci naman sunansa. Yaro ne mai ladabi, in ya hango ni tun daga nesa yake tuɓe takalmi. Wannan bawan Allah kuwa, in na ce na san shi na yi ƙarya."

"Baba, ni ne fa, Mukhtari!"

"Ban ce ba kai ba ne. Cewa na yi ban san ka ba."

Ma'aikacin ya ce shi nasa mai sauƙi ne, suna ɗaya yake so, na wanda zai shiga taɓo da kansa, don ofis ba ya son gonar da za a sha ruwa a bar ta. Dattawa suka sake duban kwat ɗin. Ɗaya ya ce mai irin wannan kaya ai ya fi ƙarfin lauje. Wani ya ce Allah ya riga ya rufa masa asiri, me zai yi da 'yar gonar da talaka ke ci da iyalinsa? Mukhtari ya buɗe baki zai ce wallahi banda kayan da ke jikinsa ba shi da ko akuya, sai kunya ta riƙe masa harshe. Ta yaya mai wannan shiga zai ce yunwa yake ji? Ya yi shiru, shirun nan kuwa aka ɗauke shi amincewa. Dagaci ya ce gona ta zauna hannun Baballe, ya ci gaba da tuna tsohuwa in an yi girbi. Aka shafa fatiha.

Iyatu ba ta tambaye shi yadda aka yi ba, labari ya riga shi zuwa gida. Da za ta iya, da ta je zauren da kanta ta ce ɗanta ne, amma mace ba ta shiga wannan zama, kuma uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a, abin kunya ne. Ta zuba masa tuwo ta tura masa, ta koma ɗaki. Baƙin ciki ya hana shi ci.

Bayan 'yan kwanaki ya ce ta ba shi rigar. Ya sa, ya ɗora hula, ya je ƙofar dagaci, ya tuɓe takalmi tun daga bakin masallaci, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda aka koya masa yana yaro. Malam Sammani na ganinsa ya fashe da kuka.

"La'ilaha illallahu! Dattijo ne sak. Ɗan nan, ina ka shiga ran nan? Me ya hana ka zuwa?"

Dattawa suka yi ta sa masa albarka, kowa na tuna wani abin kirki na mahaifinsa. Dagaci ma ya saki fuska, ya tambaye shi labarin teku. Da aka zo kan gona sai ya girgiza kai.

"Ɗana, magana ta riga ta fita, an shafa mata fatiha. Suna ya tafi Kadawa. Baballe ya zuba iri. In na kwance wannan, gobe kowa sai ya zo a kwance masa tasa. Ka yi haƙuri."

Haƙurin ya yi, don ba abin da ya saura a yi. Damina ta sauka, abin da ke cikin rumbun Iyatu ya ƙare, Mukhtari ya shiga ƙwadago. Baballe, ko don kunya ko don ya ji daɗin gani, ya ce ya zo gonarsa, shi ya fi cancanta. Haka ɗan Dattijo ya yi dashe da cirar ciyawa a gonar Dattijo, ana sallamarsa da yamma tare da sauran 'yan ƙwadago.

Da shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki suka sauko kamar hadari. Baballe ya ce a kafa mutum-mutumi, aka rasa tsumman da za a sa masa. Mukhtari ya je gida ya ɗauko kayan teku. Ba wanda ya roƙe shi. Ya gicciya kara biyu, ya cusa wa wandon ciyawa, ya sa taguwar, ya ɗora kwat, ya gyara kafaɗunta. Hannunsa ya saba, sai da ya ɗaure ɗan ƙyallen wuyan daidai, kunne biyu ba wanda ya fi wani. Masu wucewa ta bakin kanal suka riƙa yi masa sallama suna dariya. Kafin wata ya mutu kowa na kiran wurin gonar Mai Kwat, sunan Dattijo ya bi ruwa.

Ranar yankan shinkafa Iyatu ta ce sai ta kawo masa fura da kanta, ta daɗe ba ta taka wurin ba. Ta biyo bakin kanal da sandarta, ta tsaya inda take zaton tsamiya take a da. 'Yan ƙwadago sun jeru cikin taɓo, kowa a duƙe da laujensa, ba ta iya bambance ɗanta a cikinsu. Abu ɗaya take gani sosai, wani baƙi a tsakiyar gona, ƙirjinsa fari, ya buɗe hannuwa.

Mukhtari ya taso ya zo, laka har gwiwa, ya durƙusa ya karɓi ƙwaryar.

"Wancan shi ne Mai Kwat ɗin?" in ji ta.

"Shi ne, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa. "Shi dai ya samu gona," ta ce. "Kuma har yanzu bai durƙusa wa kowa ba."

Baballe ya ƙwala kira daga can ƙarshen gona, wai rana na yi. Ya ajiye furar a gindin kanal bai sha ba, ya ɗauki laujensa ya koma ya duƙa.