Saƙon Jiya

Ƙarfe bakwai da kwata Kadijatu ta buɗe ofishin ƙungiyar manoma a Birnin Gwari, ta tarar da allon kwamfuta kore shar. Kore na nufin hanyar gona lafiya. Ta yi hamdala, don ta san motar masu girbin masara ta tashi tun bakwai, kuma mahaifiyarta, Inna Saude, tana ciki.

Kadijatu ce ta haɗa wannan abu da hannunta bayan ta dawo daga karatu a Zariya. Malam Mamuda, wanda gonarsa ke bakin daji wajen Dogon Dawa, shi ke leƙa hanya kullum da sassafe, ya duba sawun baburan 'yan bindiga, ya tambayi masu itace. Sai ya hau wani dutse inda ake samun sabis, ya tura saƙo ta wata 'yar manhaja da ke cikin shafin sada zumunta. Shafin kan ɗora wa saƙon sa hannu, wato wasu dogayen lambobi da aka ƙulla da sunan mai saƙo da lokacin da ya tura, sannan ya miƙo wa kwamfutar Kadijatu. Ita kuma kwamfutar ta lissafa nata da mabuɗin sirri. In lambobi sun zo daidai ta yarda, ta watsa kore ko ja a wayoyin jama'a. In sun saɓa ta yi watsi da shi. Ba wanda ya isa ya ari sunan Mamuda ya yaudari mutane su fito.

Don sabo kawai ta buɗe saƙon na yau ta duba. Sa hannu daidai. Suna daidai. Lokaci: Talata, shida da minti biyar.

Yau Laraba.

Nan take ta gane inda ta yi kuskure. Da farko ta sa wa kwamfutar doka: duk saƙon da ya wuce minti biyar da sa hannu, a ƙi shi. To amma sabis ɗin garin nan, Allah ya kyauta! Ya zo, ya ɗauke, saƙo ya maƙale a hanya, ya iso a makare, kwamfuta ta ƙi, mutane su yi ta tsayuwa a tasha rana na dukansu. Kowa ya zo da ƙorafi. Ita kanta Inna ta tsare ta a tsakar gida ta ce, "Wannan na'urar taki taurin kai gare ta kamar ubanki." Da ta gaji da surutu, makon jiya ta goge biyar ɗin nan ta rubuta kwana biyu.

Jiya kuwa sabis bai zo ba yini guda, ba wanda ya fita. Yau da ya dawo, saƙon jiya ne ya fara shigowa, da sa hannunsa na gaskiya, kwamfuta ta karɓe shi hannu bibbiyu.

Ta kira Inna, ba ta shiga. Ta kira Obed direba, haka. Ta san dalili: da zarar an wuce gadar farko babu sabis sai can dutsen Mamuda. Tana cikin sake kira sai allon ya juye ja. Sabon saƙo ne, na yau, an sa masa hannu shida da minti ashirin: "An ga babura bayan kwalbati. Kada kowa ya fito."

"Innalillahi!"

Ko ƙofa ba ta rufe ba. Ta ruga tasha, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Masu babur duk sun ga jan a wayoyinsu, ba wanda ya yarda ya bi motar. Ba ta ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Mata suka fara taruwa, wannan 'yarta na ciki, waccan mijinta. Wata ta ce, "Kadijatu, ba kore kika ba mu ba?" Tsoro take ji, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Mutum goma sha tara, ta ƙirga su a zuciyarta ɗaya bayan ɗaya, kullum lissafin sai ya tsaya a kan Inna da ɗan kwanon ɗumamenta.

Takwas ta yi, ta wuce. Wani ya ce ya ji ƙara daga gabas, wani ya ce taya ce ta fashe. Kadijatu ta durƙusa a bakin titi, idonta na kan hanya.

Wajen tara saura aka ji ƙugin mota. Obed ne, yana tafe a hankali, Malam Mamuda na biye a babur, rigarsa jiƙe sharkaf da zufa. Aka yi ta sauka, Kadijatu na ƙirgawa a fili. Goma sha tara cif.

Mamuda ya kafe babur ya nufo ta. "'Yata, ja na tura. Ina kan dutse na ga kore ya shigo wayata da sunana. Na yanko ta gonaki na tare su, saura kaɗan su kai kwalbatin. Wa ya ari sunana?"

"Ba kowa, Baba. Saƙonka ne na jiya. Ni na sassauta dokar."

Sai ga Inna Saude ta ratso mutane, kwanonta a hammata, ta kama hannun 'yarta.

"Ke, mene ne na kuka? Ga mu nan. Obed ma tun a gada ya so ya juya, wai bai ga masu itace a hanya ba, jikinsa bai ba shi ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni na hana shi. Na ce ya ja mota, abin da 'yata ta haɗa ba ya ƙarya."